Hajiya Mubaraka Ta Tafi da Sunan Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata takwas ga Yuli, bayan azahar, ina bakin aiki a Kalgo aka bugo mini waya cewa Allah Ya yi wa Hajiya Mubaraka Bawa, ma'aikaciyar jinya a Gwandu, rasuwa bayan rashin lafiyar kwana biyu. Shekara shida na yi a ƙarƙashinta kafin a canja mini wurin aiki.

Yaya Mubaraka, ke kika fara lura cewa duk damina manoma majiya ƙarfi suna zuwa dafe da ƙirji. Mu magani muke ba su su tafi, ke kuwa sai da kika bi diddigi. Ashe ƙwayar tiramol suke jefawa a shayi kafin su shiga gayya, don kada a bar mutum a baya a yi masa dariya.

Kika ce bincike za mu yi, ba zato ba. Kika koya mini neman yardar mutum kafin a taɓa shi, da yin tambaya ba tare da an sa masa amsa a baki ba. Magidantan ƙauyukan Dalijan da Dodoru suka ce sai dai in ba za a rubuta suna ba. Kika yarda. Kowa kika ba shi shuɗin kati mai lamba, kika auna bugun zuciyarsa da na'ura, kika aika wa likitan zuciya ya duba. Na ce, "Yaya, ki dai rubuta sunayen ki ɓoye." Kika ce, "Rahama, alkawari na yi musu. Suna cikin kaina."

Kwana uku da binne ki, sakamakon ya dawo daga likitan zuciya. Ya ja jan layi a lamba goma sha bakwai, ya ce in mutumin nan ya ƙara sha, zuciyarsa na iya tsayawa. Ni da abokan aikinki mun zazzage jakarki, mun bincike littattafanki, babu suna ko ɗaya. Ban ga laifinki ba, amana kika riƙe. Amma wallahi hankalina a tashe yake. Ga noman maimai ya kama, duk sanda na ji gangar gayya sai in tuna da mutumin nan.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya saka miki da Aljanna. Maigidanta Malam Zubair da yara, Allah Ya ba ku haƙurin rashi.

Kai kuma mai lamba goma sha bakwai, don Allah kada ka ƙara haɗiyar ƙwayar nan. Ka zo Kalgo da katinka, ka ce a kira Rahama. Ba zan tambayi sunanka ba.