Firjin Sun-rye

Pyo Deok-su ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas a birnin Chuncheon, hanya ɗaya, ko gilashi bai taɓa fasawa ba. Da ya yi ritaya sai zama ya ishe shi, ya kama dafa giya a gida. Ya sayi tukwane da 'yar gangar ƙarfe, ya cika baranda da warin sha'ir. Sai dai giya ba ta son zafi sa'ad da take tsimuwa, don haka da iska ta ɗumama yake ninke kayansa ya jira kaka.

Akwai firjin kimchi a gidan, wato kabejin da ake tsimawa da gishiri da barkono, firji ne mai murfi biyu a sama, kowane ɓangare da nasa sanyin. Amma na matarsa Sun-rye ne.

"Ka taɓa min shi, wallahi da kai da gangarka a baranda za ku kwana," haka take ce masa.

A Nuwamba ta haɗa kimchin shekara kamar yadda ta saba, roba shida manya, ta jera a ɓangaren dama. Ta rubuta kwanan wata a kan murfin firjin, ƙarƙashin na bara da na shekarun baya, don ba ta yarda da takarda ba. A Fabrairu ta rasu.

Deok-su bai yi kuka ba. Mutane suka ce jarumi ne, alhali kuwa babu abin da yake ji ne kawai. Yana tashi, ya ci, ya zauna. Kimchi kuwa na shago yake saye. Robobin nan shida bai buɗe ko ɗaya ba, domin ya san abin da aka ci ya ƙare, kuma babu hannun da zai sake yin wani.

Da zafi ya shigo bai ninke kayan giyar ba, don ba shi da wani abin yi da rana. Tukunya biyu suka yi tsami. Abokinsa Bang Chil-seong, tsohon bakanike wanda ya koya masa dafa giyar, ya kurɓa ya tofar.

"Yaya, wannan giya ce ko ruwan wanke safa? Sai da firji. Tashi mu je."

Suka zaga shaguna uku. Bang yana ta surutu: wannan firjin ganga ba za ta shiga cikinsa ba, wancan daskarar da giya zai yi sai an ƙara masa na'ura. Deok-su yana buɗe ƙofofi yana rufewa. Duk fari ne, duk ɗaya ne a wurinsa. Suka koma hannu rabbana.

'Yarsa Hye-ran ce ta faɗa a waya. "Baba, ai ɓangaren hagu na firjin Mama babu komai ciki. Wa zai hana ka?"

Babu mai hana shi kuwa. Ya sa tukunyar a hagu, giyar ta tsimu lafiya, ya juye a ganga, ya ƙara sanyi. Saura famfo, don a riƙa tsiyaya ba sai an buɗe ba.

"Murfi za ka huda," in ji Bang. "Murfi, ka ji? Bututun sanyin a jikin bangon yake kewaye. Tsohon direba, kada ka yi min wauta."

Deok-su ya tsaya da injin huda a hannu yana kallon murfin. Rubutunta ya cika na dama tun tuni, ya tsallako na hagu, shekara goma sha huɗu na kwanakin wata, da bakwai ɗinta mai kama da ƙugiya. Ya nemi sarari, bai ga inda zai huda ba tare da ya ci wata shekara ba. Sai ya durƙusa ya ɗora injin a jikin bangon firjin, ya huda.

Wani huci ya fito, siriri, ya daɗe yana fita. Yana durƙushe har hucin ya tsaya.

Mai gyara ya zo, ya leƙa ramin, ya girgiza kai. "Kawu, wannan ya mutu. Ka kwashe abin da ke ciki yau."

Watan Agusta ne, firjin kicin kuma ƙarami, ko roba ɗaya ba ya ɗauka. Deok-su ya ɗauki biyar ɗaya bayan ɗaya ya bi maƙwabta yana ba su. Wata tsohuwa ta buɗe tata ta shinshina, ta fashe da kuka. Ya tsaya yana jira ta gama, sannan ya sunkuya ya yi sallama.

Ta shida ya ajiye a tebur. Ya zuba shinkafa, ya tsiyayi giyar da ta riga ta ɗumama, ya yage ganyen kabeji ɗaya ya sa a baki. Ya yi tsami daidai. Gishiri kuwa ya yi yawa, kamar kowace shekara tun aurensu.

"Kin sake cika gishiri," ya ce, bai ma ɗaga kai ba.

Ya jira ta ce to ya yi nasa mana. Shekara talatin da takwas amsar ke nan. Gidan shiru, ko gurnanin firjin babu. Ya riƙe ganyen a baki, ya kasa haɗiyewa.