Mika'ilu Mai Kunkuru na Jabal Awliya

Mika'ilu Dabo masunci ne tun tasowarsa. Kakansa ya taso daga Haɗeja da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a bakin Farin Nilu, sai ya zauna. A Jabal Awliya aka haifi Mika'ilu, kuma a ƙasan madatsar ruwan garin ya yi shekara ashirin yana jefa taru, har ciwon baya ya raba shi da jirgi.

Lokacin ne Hajj Mahadi ya ɗauke shi aiki. Ɗan kasuwa ne mai shagon kayan lantarki a Kasuwar Libiya da ke yankin Khartum, yana da wani fili a bayan gari inda yake kiwon manyan kunkuran nan da Larabawa ke kira abu gadah, yana sayar da ƙananan ga masu fita da su waje. Aikin Mika'ilu shi ne ya yanko musu ciyawar barsim, ya zuba ruwa, idan mace ta haƙa rami ta yi ƙwai ya tone su ya jera a na'urar ƙyanƙyasa. Hajj Mahadi yana son a ƙure zafin na'urar, don ƙwan ya fi saurin fashewa.

Ba a gane mace da namiji a kunkuru sai ya shekara huɗu ko biyar. Sai a kifa shi a duba: namiji cikinsa na da kwarmi, wutsiyarsa doguwa. Da 'ya'yan farko da aka ajiye don iri suka kai, suka kife su ɗaya bayan ɗaya. Cikin arba'in, talatin da bakwai mata ne. Hajj Mahadi ya ɗora laifin a kan tsohon namijin garken, ya sayo wani. Bayan shekaru aka sake dubawa, ba abin da ya canja.

Mika'ilu kuwa ya daɗe da lura da wani abu. Maza ukun nan na farko ya san su, don da hannunsa ya ɗiga musu jan fenti. Ba a na'ura suka fito ba. Ramin ƙwansu ne ya ɓace masa, suka ƙyanƙyashe da kansu a gindin dalbejiya, inda randar ruwan sha ke ɗiga.

"Ya Hajj, ina ganin ba daga uban ba ne," ya ce. "Sanyin ƙasa ne."

Hajj Mahadi ya yi dariya. "Ya zol, bawan Allah, ka taɓa jin randa ta haifi namiji?"

Mika'ilu bai sake tayar da maganar ba. Amma duk shekara sai ya bar rami ɗaya ko biyu a inuwar, ya yi wa 'ya'yan alama.

Wata rana wata malamar jami'a, Daktora Hanadi, ta zo daga Khartum tana awon kunkuran. Ta ga jan fentin ta tambaya. Ya gaya mata abin da ya lura da shi. Ta ajiye ma'auninta ta zauna a kan bulo.

"Ammi Mika'ilu, gaskiyarka ce," ta ce. "Ɗan Adam tun ranar da ciki ya shiga an gama, mace ce ko namiji. Kunkuru ba haka yake ba. Ƙwan yana ɗauke da umarnin duka biyun a cikin ƙwayoyin gadonsa. A tsakiyar kwanakin ƙyanƙyasa, idan wurin da ɗan sanyi, umarnin namiji ne zai farka ya yi aiki. Idan zafi ya yi yawa sai a danne shi, a bi hanyar mace. Bambancin bai wuce digiri uku ko huɗu ba."

"To kada fa? Na sha ganin ƙwansa a yashi."

"Shi ma zafi ne. Sai dai nasa maza a tsaka-tsaki suke fitowa, gefe da gefe mata."

Ya jinjina kai. "Allah ne mai yi, amma ya sa wa komai sababi."

Ta bar masa ma'aunin zafi biyu. Da ta yi wa Hajj Mahadi bayani da Larabcin 'yan boko, washegari ya turo na'ura ta biyu, aka saita ta ƙasa-ƙasa. Daga ranar kuma ya daina taɓa maɓallin zafin da hannunsa.

Da yaƙi ya ɓarke cikin azumin 2023, wuta ta ɗauke ba ta dawo ba. Hajj Mahadi ya kwashi iyalinsa ya yi Masar. Akwai ƙwai wajen ɗari biyu a na'urorin. Mika'ilu da matarsa Rabi suka haƙa ramuka, rabi a inuwa, rabi inda rana ke taɓawa da hantsi, suka binne su yadda iyayen ke yi. Sittin da wani abu suka fashe.

Da faɗan ya iso Jabal Awliya, masu bindiga suka shigo filin suka kwashe na'urorin da ƙofofi. Mika'ilu ya fasa katangar baya don kunkuran su nemi ciyawa da kansu, ya zuba ƙananan da zai iya ɗauka a kwando biyu, shi da Rabi suka bi ayarin masu gudu zuwa wani ƙauye a kudu. Can Rabi ta rasu da zazzaɓi.

Ya dawo bayan shekara ɗaya da rabi. Ya tarar da manya goma sha ɗaya suna nan da rai, sun haƙa ramuka masu zurfi sun shige. Yanzu shi kaɗai ne a filin, yana buga bulon laka kaɗan-kaɗan yana tayar da katanga, gwargwadon yadda bayansa ya bar shi. Hajj Mahadi ya yi waya sau ɗaya daga Alƙahira, ya ce ba ya jin zai dawo, Mika'ilu ya yi yadda ya ga dama da su. Wasu masu saye sun zo taya manyan, Mika'ilu ya ce su dakata tukuna, sai ya gama katangar.