Jakunkuna Huɗu Daga Kan Dutse

Ranakun aiki da yawa sun shuɗe mini a shekarun da na yi ina adana kayan tarihi, amma ban manta da wata Laraba a Landan ba, kuma na daina sa ran zan manta.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai ya sa gwamnati tura mutane kwas ƙasar waje, har da irina da ban nema ba. Ina mataimakin jami'i a lokacin, aikina a can ƙasarmu haɗa fasassun tukwane. Manoma da masu haƙar kuza ke kawo mana su cikin kwando, a cakuɗe, ba wanda ya san inda kowane guntu ya fito. Sai in baje, in ware, in haɗa. An san ni da wannan, ni ma ina ji da kaina a kai.

Aka tura ni wata kwaleji a Bloomsbury. Ɗakin aikin a ƙarƙashin ƙasa yake, babu taga. Bas biyu nake shiga daga Peckham, in iso ƙafafuna a jiƙe. Wata shida cur ba abin da aka ba ni sai share ƙura da buroshi. Na gaji ƙwarai, irin gajiyar mutumin da ake ganin bai iya komai ba.

Sai ga wata baƙuwa daga Bulgeriya, Dokta Elena, dattijuwa mara yawan magana. Ta yi shekaru tana haƙa a wani tsohon gari mai ganuwa a kan dutse, kogi na zagaye da shi. Sarakunansu na da ne suka gina shi, a ciki akwai tushen ƙananan coci-coci da yawa. Da Turkawa suka ci garin, wuta ta cinye shi, ta bar shimfiɗar toka. Abu ɗaya take son sani: cocin da ke bakin ƙofar gari, an yi masa zanen bango kafin gobarar ne kawai, ko mutane sun dawo bayanta sun gyara sun ci gaba da ibadarsu?

Ga wanda ba ɗan sana'a ba: ƙasa hawa-hawa take, abin da ke ƙasa ya girmi na sama. Ta zo da gutsattsarin shafen bango mai fenti a jakunkunan takarda huɗu, biyu daga ƙarƙashin tokar, biyu daga samanta, don a gwada fentin a ga ko iri ɗaya ne. Izinin mako uku hukumarsu ta ba ta, ita ta sa hannu a kan kayan. Duk wannan daga baya na sani.

Ranar Larabar nan, shugaban sashenmu, Mista Brayan, ya ajiye mini jakunkunan. "Sani, busasshen buroshi kawai, kada ruwa ya taɓa su." Iyakar abin da ya ce ke nan. Shi da Dokta Elena suka tafi wani taro a Aldwych.

A jaka ta farko na ci karo da ido, zane mai kyau. A ta uku na ga abin da ya yi kama da gira. Hannuna bai yi shawara da ni ba. Na juye duka huɗun a kan tebur, na share su tas gaba da baya, na ware ja daban, shuɗi daban, kamar yadda na saba. Kafin ƙarfe huɗu na fitar da rabin fuskar wani tsoho mai gemu, hannunsa a ɗage. Har la'asar ta kusa kuɓuce mini. Rabona da jin daɗi irin wannan tun ina gida.

Dokta Elena ta shigo ta dubi fuskar. Sannan ta dubi jakunkunan da na ninke a gefe, babu komai ciki.

"Mista Sani, ka rubuta lamba a bayansu?"

"Wace lamba, Dokta?"

Ta jawo kujera ta zauna. Da ma ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Mista Brayan da ya biyo ta ne ya yi mini bayanin ɓarnar da na yi, fuskarsa jawur.

Sauran kwanakinta mun yi su muna juya gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ko za mu ga ragowar toka ko ƙasa a bayansu. Kaɗan muka gane. Sauran na riga na share su da kyau, domin ba na aikin ha'inci. Gwajin da ta zo yi bai yiwu ba.

Na ce mata, "Dokta, idan kin koma ai sai ki sake haƙawa."

"Sau ɗaya ake haƙa wuri," in ji ta. "Na riga na kwashe ƙasar da hannuna."

Ana gobe za ta tafi, Mista Brayan ya ce dole a rubuta rahoto, kwafi ɗaya ga hukumar su Dokta Elena, ɗaya ga ma'aikatar da ta turo ni. Na ce a sa sunana a matsayin mai laifi. Ta karɓi takardar ta rubuta cewa jakunkunan sun cakuɗe suna hannunta.

"Dokta, ba haka aka yi ba."

"Haka aka yi. Na bar kaya wurin mutum ban gaya masa ko mene ne ba, ban kuma tambaye shi yadda ake aiki a ƙasarsu ba."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe, ku da kuke fara aikin. Gwanintar hannu ba ta isa ba, wani lokaci ma ita ke ɓarna. Inda aka samu abu ya fi abin daraja. Kuma kada ku miƙa wa ƙaramin ma'aikaci kaya ba ku zauna kun yi masa bayani ba, ko da zai ce kun cika surutu. Ni na dawo gida da satifiket, aka ƙara mini girma. Ita ta koma ba amsar tambayarta, da laifin wani a rubuce da hannunta. Na aika mata wasiƙa sau biyu, ban ji komai ba.