Gem ɗin da aka shanya a rana

A rumfar Mu'awiyya mai gyaran waya, cikin kasuwar Tambuwal, wani dogon mutum ne tsugune, wandonsa duk laka. Da gani daga Kebbe ya taso, kuma da wani gem da ke gabansa, na wasan bidiyo da yara ke biya su buga, yake ci da gida.

Ya danna, fitilarsa ta kawo, ta ɗauke. Yana hure shi, yana bubbuga gefensa kamar tsohuwar rediyo.

"Malam, mi as same shi?" in ji Mu'awiyya.

"Ruwa ad dake shi, sai nish shanya shi bisa kwano kwana biyu, kamar gero."

Mu'awiyya ya ajiye sukudireba. Mutumin ya goge yatsa a riga, ya sake dannawa, a hankali wannan karon.