Sojan da Sajan Ishaku Ya Kai Rahotonsa

Shekara tara ke nan ina yi wa Sajan Ishaku aski a shagona da ke Sabon Tasha, kuma bai taɓa kallon madubina ba. Da ya shigo sai ya kama kujera ya juya ta ta fuskanci ƙofa, ya zauna ƙiƙam, ya ce, "Jamilu, kwashe duka." Da farko na ɗauka raini ne, don madubin nan ba tsintarsa na yi ba. Daga baya na gane mutumin ba ya iya zama ƙofa tana bayansa. A coci ma, in ji matarsa Martha, bencin ƙarshe yake zama, har fasto ya gaji ya ƙyale shi.

Mutumin Filato ne, gajere, ƙaƙƙarfa. Ya shiga soja yana saurayi, ya je Laberiya, ya je Saliyo, ya ƙare da dajin Borno, sannan ya yi ritaya ya zauna a Unguwar Boro yana kiwon kaji. Kajin ma ba su tsira ba. Ƙarfe shida daidai ake cin abinci, wadda ta makara sai ta sha jawabi.

Ko ƙwarzane babu a jikinsa, ciwon a ciki yake. In tayar keke ta fashe a titi, sai dai ka neme shi ƙarƙashin bencina. Watan Kirsimeti kuwa, da yara sun fara jefa nokawut, abin wasan nan mai fashewa kamar bindiga, ba ya leƙa ko ƙofar gida. Ya yi gadi a wuri uku, duk an sallame shi. A na ƙarshen, Sajan ya tsare mai gidan kansa ya sa shi ya kwanta a ƙasa, bai bar shi ya tashi ba sai da ya faɗi sunansa da na babansa. Muna dariya in ana ba da labarin, shi ma yana yi. Martha ce kaɗai ba ta yi.

Ita ta ji labarin cewa sojan da aiki ya nakasa yana iya samun alawus da magani, in kwamitin likitocin soja ya sa hannu. Shekara uku tana bin takardar nan, sau uku ana kiran mijinta, sau uku yana ɓata mata aiki. Ranar zaman kwamiti sai ya goge kaya har su yi kaifi, ya goge takalmi, ya zo in kwashe masa kai. Ya shiga ya ƙame. Hafsa ya ce, "Yaya jiki, Sajan?"

"Da sauƙi, sir!"

"Barci fa?"

"All correct, sir!"

Su kuma su rubuta lafiyarsa ƙalau. Ni ban ga laifinsu ba. Mu nan ko mutum yana kan gadon asibiti yana numfashi da ƙyar, ka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce maka. To ka ɗora wa wannan tarbiyyar soja, inda faɗin ciwo gaban hafsa abin kunya ne. A karo na uku aka gaya wa Martha in an sake haka, za a rufe fayil ɗin.

Da aka sake sa musu rana, sai ta zo shagona da shiri. "Jamilu, don Allah sati uku kar ka taɓa kansa. So nake su gan shi yadda nake ganinsa." Ta kai dutsen guga gidan maƙwabta, ta ɓoye man takalmi a buhun masara. Ni kuma na shiga ƙarya. Yau injin ya lalace, gobe ba wuta. Rannan ya tsaya a ƙofa yana kallona ina yi wa wani aski, fanka na juyawa, na ce masa ba wuta. Ya juya ya tafi. Na ji kunya ƙwarai.

Da safen ranar na je gidansu, don takardar ta nemi shaida wanda ba dangi ba. Sai ga Sajan ya fito kai tal, da reza ya kwashe shi, har da yanka biyu. Rigar da gindin tukunya mai zafi ya goge ta. Takalmin kuwa man gyaɗa ya sha, sai ƙyalli yake. Martha ta zauna a dokin ƙofa ta ce, "Baban Victor, kai dai sai Yesu."

Muka haye gada muka shiga gari. Likitar da ke shugabantar zaman Manjo ce, mace, mai gilashi. Sajan ya shiga, ya ja kujerar da aka aje masa ta fuskanci ƙofa, sannan ya ƙi zama. Na ga ta bi kujerar da kallo.

"Yaya jiki, Sajan?"

"Da sauƙi, ma!"

Na ji kamar in jefe shi da takalmina. Martha ta miƙe ba a ba ta izini ba. "Ranki ya daɗe, shekara talatin ban taɓa jin ya ce kansa na ciwo ba. Amma lokacin da yake bariki, shi ke jera sojojinsa marasa lafiya ya kai su gaban likita. Ba wanda ya isa ya ɓoye masa ko mura."

Manjo ta aje biro. Ta kalle shi, sannan ta ɗaga murya irin ta fareti. "Sajan! An ce akwai mara lafiya a rukuninka. Kawo rahoto."

Ya buga ƙafa.

"Soja ɗaya, ma. Sunansa Ishaku. Ba ya barci fiye da awa biyu. Ba ya cin gasasshen nama tun Saliyo, saboda warin. In ya ji ƙara yana shiga ƙarƙashin benci gaban mutane. Ya taɓa shaƙe matarsa cikin barci, ta rufe wuyan da gyale ta tafi coci, tana zaton bai sani ba. Ya sani, ma."

Martha ta toshe baki da hannu. Ni ma idona ya cika, ban ɓoye ba.

"Mece ce shawararka, Sajan?"

"A duba shi, ma. Yaron kirki ne. Ya gaji ne kawai."

Ta ɗauki biro ta yi rubutu mai tsawo. Bayan wata biyu takardar ta fito, yanzu duk ranar Talata yana ganin likita.

Har yau kujerata ƙofa take kallo in ya zo. Satin da ya wuce, ina ɗaura masa ƙyalle a wuya, na ce, "Baba Sajan, yaya jiki?"

Ya buɗe baki zai ba ni amsar da ya saba, sai ya fasa. Ya ce, "Sojan nan bai yi barci ba jiya, Jamilu. Amma ya gaya wa matarsa."