Sandar da Na Sassaƙa wa Gajere

Shekarar da muka fanshi kanmu daga bauta a ƙetaren teku, ni da abokina muka sayi kujerar ɗaukar mutane. Mai rufi da labule ce, mu biyu muke saɓa sandarta a kafaɗa, mu hau da fasinja daga bakin jirgi zuwa kan tudu.

Mu masu kujerar kanmu ba mu da hira sai tata. Ran Lahadi mukan jera su a unguwar Água de Meninos, wannan na shafa wa tasa man kifi, wancan na kushe labulen wani. Tamu kuwa sandarta ake zuwa kallo. Abokina gajere ne, da kyar ya kai min haɓa, kujerar kullum a karkace. Sai na samo itace mai lanƙwasa, na yi sati uku ina sassaƙa ina gwadawa a kafaɗarsa, yana cewa, "Haba ɗan'uwa, sai ka ce rigar ango?" Da ta daidaita, ko ruwa ka ɗora ba ya zuba.

Zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana huɗu. Allah ya jiƙansa.

Na gwada mutum biyar a gurbinsa. Duk sun fi shi tsawo, fasinja sai ya yi ta zamowa wajena. Masu kujeru suka ce, "Canza sanda mana, aikin yini ɗaya ne!" Wa ya tambaye su?

Na koma dakon buhu. Kujerar tana ɗakina, har yau ina shafa mata mai. Inda kafaɗarsa ta cinye itacen ne kawai ba na taɓawa.