Allura ko Harsashi

A unguwarsu da ke tsohuwar Basra, da wuya ka sami babban mutum da bai taɓa sassauta wa Umm Furat tazuge ba. Ita ce mai allurar unguwa. Likita ya rubuta, a sayo a kemis, a ƙwanƙwasa mata ƙofa. Sunanta na yanka Nuriya, amma tun da ta haifi ɗanta Furat sunan ya ɓace. Hannunta ba nauyi, bakinta ne dai sai a hankali. Ƙato mai gashin baki ya fara rawar jiki, sai ta ce, "Kai, kwanta mana! Ubanka ma ni nake yi wa, bai taɓa yi mini wannan rakin ba."

Mijinta, Abu Furat, ya fita sayo burodi wata safiya a shekarun da gari ya rikice, wasu da har yau ba a san ko su wane ne ba suka harbe shi a ƙofar gidan burodin. Tun daga ranar ta hana ɗan nan sakat, sai da ta ga ya bar ƙasar. Ya sauka Michigan, ya zama makanike, ya auri wata Ba'amurkiya mai suna Megan, suka haifi 'ya, Lina. To fa, jika ba Larabci, kaka ba Turanci. In an haɗa su a waya sai kallon-kallo da ɗaga hannu.

Abin ya tsaya wa Umm Furat a rai. Da furfurarta da komai ta fara ɗaukar darasi wurin maƙwabcinta Ustaz Sabah, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, wanda kunnensa ya fara ritaya tun kafin shi. Kullum bayan la'asar takan kai masa shayi da dabino, shi kuma ya yi ta gyara mata baki. Ƙorafinsa ɗaya ne: tana haɗiye ƙananan kalmomi.

"Ina 'a' ɗin, Umm Furat? Kin cinye shi da dabino?"

"Haba Ustaz, wannan ɗan mitsitsin abu wa ya damu da shi? An dai gane."

Megan, baiwar Allah, takan turo mata saƙon murya don ta saba da jin harshen. Wata safiya bayan sallar asuba ta tarar da saƙo. Ta ɗora shayi, ta danna. Muryar Megan ce tana sauri, Lina na tsala kuka a bayanta. Umm Furat ta kama kalma uku kacal: sunan ɗanta, da "hospital", wato asibiti, da "shot". Daga nan saƙon ya yanke.

Wannan kalma ta ƙarshe ba wurin Ustaz ta koye ta ba. Ta san ta tun zamanin da sojojin waje suka cika tituna, ana jin ta a talabijin safe da yamma. Harbi.

Ta zauna a ƙasan kicin. Ta kira Furat, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta kira Megan, haka. Ta san can dare ya yi, mutane sun kwanta, amma ta kuma san cewa wanda ke asibiti ma ba ya ɗaukar waya. Tsoro ya kama ta, irin wanda take zaton ta binne tare da mijinta. Ta ja abaya ko silifas ba ta daidaita ba, ta faɗa gidan Ustaz.

Ya fito da rigar barci, yana gyara tabarau. Da ta faɗa masa abin da ta ji, ya ɗaga hannu.

"Tsaya, 'yar'uwa, kada ki kashe yaro da bakinki. Kalmar nan fuska biyu gare ta. In an sa mata 'a' a gaba ta zama suna. 'He got a shot', an yi masa allura ke nan. Sana'arki ce ma, abin da kike yi wa mutane kullum sunansa ke nan a bakin Amurkawa."

"In babu 'a' fa?"

Ya dubi ƙasa.

"Ustaz, da kai nake."

"'He got shot'. An harbe shi."

Ta miƙa masa wayar. Ya manna ta a kunnensa mai dama-dama, ya runtse ido. Ya sake dannawa. Daidai wurin da ƙaramin harafin zai fito ko ba zai fito ba, nan Lina ta ƙwalla ƙara, ita kuwa Megan ta haɗa kalmomin ta dunƙule su kamar ƙullu.

"Na ji kamar akwai," in ji shi.

"Kamar? Ɗana kake ce wa kamar? Shekara nawa kana karantar da Turancin nan?"

"Turancin na nan, kunnen ne babu."

Ya sake saurara, sai ta ga fuskarsa ta canza. Ta matsa masa lamba, ya ce ya ji an ambaci jini. Ta fizge wayar ta koma gida.

Haka ta kai hantsi tana danna saƙon nan. Wani jin ta rantse ta ji "a" ɗin, ɗan siriri kamar numfashi. Wani jin babu shi sam. Abin da ta raina, ta ce wa ya damu da shi, yau shi take nema ruwa a jallo. Wuta ta ɗauke, zafi ya sauko, ko mafici ba ta tuna ba. Shayin asuba ya ƙone a butar.

Can maƙwabciyarta Umm Sajjad ta kawo mijinta a yi masa allurar da aka rubuta masa. Umm Furat ta fasa kwalbar, ta zuƙo maganin, sai ta ga tsinin allurar yana rawa. Tunda take ba ta taɓa ganin hannunta ya yi haka ba. Ta ajiye.

"Ku je kemis yau, Umm Sajjad. Ba zan iya ba."

"Lafiya, Hajiya?"

"Ban sani ba," ta ce, kuma gaskiyarta ke nan.

Sai bayan azahar wayar ta yi ƙara. Ta dube ta tana tsoron ɗauka, don ba ta san fuskar wa za ta gani ba. Ta yi bisimilla ta danna. Furat ne, ido duk barci, hannu naɗe da bandeji.

"Yumma," ya ce, yadda ya saba kiran uwarsa, "lafiya? Na ga kin yi ta kira."

Ashe wani tsohon ƙarfe ne ya yanke shi a gareji, jini ya zuba, aka kai shi asibiti aka yi masa allurar tsatsa. Lina ce ta fizge wayar kafin Megan ta ƙarasa saƙon. Da ya gane abin da uwarsa ta ɗauka sai ya fashe da dariya, ya kira matarsa yana ba ta labari. Umm Furat ba ta yi dariya ba. Ta ce ya kusanto da fuskarsa, ta daɗe tana kallonsa, har dariyar ta tsaya da kanta.

Bayan la'asar ta kai wa Ustaz shayinsa kamar kullum. Ya ce tunda yau ta sha wuya a kan kalmar, to ta ba shi jimla biyu, ɗaya da harafin, ɗaya babu.

Ta gyara zama, ta buɗe baki sosai yadda kunnensa zai ji.

"Furat got a shot."

"Madalla! Kin ga yau ba ki cinye shi ba. Saura ɗayar."

Ta dubi titin da ya miƙe zuwa gidan burodi.

"Abu Furat got shot."

Ustaz Sabah ya buɗe baki don gyara, bisa sabo, bai sami abin gyarawa ba. Ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga.